Sunan da Na Kira a Gindin Dala

Jama'a, ku matso, yau abin kunyata zan faɗa muku da bakina. Ni Mukarrama, 'yar Alhaji Mamuda mai rake ta Makarfi, na tsaya a ƙasar Masar, a gaban Larabawa da Turawa da raƙuma, na ƙwala wa mahaifiyar saurayina kira da sunanta na yanka. Ba sau ɗaya ba kuma, har sau uku. Wallahi ko yanzu da nake rubuta muku, tafin hannuna gumi yake yi.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Shekara biyu muna tare da Zayyad, malamin gona ne, ɗan Hunkuyi, dogo, mai shirun tsiya. Baba ya gaji da ganin mashin ɗinsa a ƙofar gidanmu duk Juma'a, ya ce in aka gama yankan raken bana bai turo manyansa ba, to kar ya ƙara taka masa ƙofa. Shi kuma Zayyad ba ya motsi sai Hajiyarsa ta ce to. Hajiya kuwa ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ƙanwarsa Murja ce ta tsegunta mini abin da ta faɗa da ta ji ni nas ce: "'Yar asibiti? Waɗanda ke yi wa manya tsawa suna ɗage musu zane? Ina za ta samo kunyar zama da suruka?"

Ranar da na ji maganar nan na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

To, Hajiya shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata ido biyu, haske da inuwa kawai take bambancewa, ga ciwon suga. 'Ya'yanta suka haɗu suka ce Alƙahira za a kai ta a yi aiki. Murja ce za ta raka ta, sai biza ta ƙi fitowa har cikinta ya shiga wata takwas. Ni kuma ina da fasfo tun Umarar da muka je da Baba bara. Kawu Inuwa, ƙanin Hajiya, wanda zai tafi da ita, shi ya zo takanas ya roƙi Baba ya ba su aron ni na kwana goma. Baba ya ce aikin lada ne, in je.

Umma kuwa ta ɗauki abin kamar jarrabawa. Tana ninke mini atamfofi, da sababbin hijabai uku da ta sa aka ɗinka, masu jan ƙasa, tana yi mini karatu.

"Abu uku zan gaya miki. Kar ki haɗa ido da ita."

"Umma, ba ta gani fa."

"Allah yana gani. Na biyu, sunan ɗanta kar ya fito daga bakinki, balle nata. Na uku, kar ki kuskura ki ci abinci a gabanta."

"Kwana goma, Umma? A ɗaki ɗaya?"

"Ni shekara ashirin da biyu na yi da kakarki, ba ta taɓa ganin loma a bakina ba. Na mutu?" Ta tura ledar cincin da dambun nama can ƙasan akwati. "Ta ce ba ki da kunya ko? Ki nuna mata gidan da kika fito."

Daga Kano muka tashi. Hajiya farar Bafulatana ce, siririya, ba ta son magana, tana zaune ƙyam da carbi. Awa uku ba ta ce mini ci kanki ba. Ni ce a bakin taga, ina kallon rairayi, rairayi, ba gida ba bishiya, har na fara jin tsoron Allah ya kama ni. Kwatsam sai ga wani koren layi ya ratsa tsakiyar hamadar, kore shar, ruwa yana ƙyalli a cikinsa. Ban san lokacin da na ce "Subhanallah!" da ƙarfi ba.

"Me aka gani?" Hajiya ce, ba ta ko juyo ba.

Na sunkuyar da kai. "Kogin Nilu ne, Hajiya."

"Wanda aka jefa Annabi Musa? To, faɗa mini. Yaya yake?"

Daga nan na zama idonta. Duk abin da na gani sai na faɗa, ita kuma sai ta gyaɗa kai.

Kuma akwai abin faɗa, 'yan uwa! Masaukinmu hawa na tara ne. Ni da ko a Umara ban wuce hawa na biyu ba, na leƙa taga sai jiri ya ɗebe ni. Ga Nilu shimfiɗe a ƙasa, faɗinsa ya ninka fadamar Baba ban san sau nawa ba, jiragen ruwa masu farin ƙyalle suna yawo a hankali, motoci a kan gada kamar tururuwa. Da lokacin La'asar ya yi, ladan ɗaya ya ɗauka, wani ya karɓa, wani ya karɓa, har garin gaba ɗaya ya ɗauki amo. Tsikar jikina ta tashi. Na juya na ga Hajiya ta ajiye carbi, ta karkata kunne.

"Masallaci nawa ne a garin nan?"

"Hajiya, hasumiyoyin da nake hangowa kaɗai sun fi ƙarfin ƙirgata."

Sai abinci. Wayyo abinci! Kawu Inuwa, gajere mai fara'a, shi ke sauka ya sayo, kullum da sabon abu. Akwai ƙosansu, ta'amiyya suke ce masa, in ka gutsura cikinsa kore ne, ƙamshinsa har makwabta. Akwai kushari, shinkafa da taliya da wani ɗan mitsitsin wake a kwano ɗaya, an zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa a kai. Akwai 'yan shila da aka cusa wa shinkafa a ciki aka gasa. Ranar da ya kawo wata koriyar miya mai yauƙi yana ta zuzuta ta, wai sarauniyar miyar Masar ce, na shinshina na kusa fashewa da dariya: lalo ne, jama'a! Lalon da ke fitowa a bayan gidanmu ba wanda ya shuka. Zoɓo ma suna sha, a kofin gilashi, har da yanga.

Duk wannan da hanci na ci shi. Sai in jera wa Hajiya a gabanta, in ɗora hannunta a kan cokali, in ce, "Ga shi nan, Hajiya," in fice don in ba ta wuri. In zauna a matakalar bene in tauni cincin ɗin Umma, don kunnen Hajiya ko ƙwayar gyaɗa ka tauna a ɗakin sai ta ji. In na dawo bayan rabin awa, faranti tas. Sai in ba ta ƙwayar suganta in yi hamdala. Da safe in na gwada jininta in ga suga yana ta sauka, har murna nake, ina cewa aiki zai yi kyau.

Saƙon Zayyad kuwa ba ya yankewa.

"Ranki ya daɗe, kin ci abinci?"

"Na ci." Allah ya yafe mini.

"Hajiya fa?"

"Tana cinyewa tas."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, sannan ya turo: "Hajiya? Tas? Ikon Allah. Lallai Masar ta karɓe ta."

Da ina da wayo, da a nan na tsaya na yi tunani. Amma ina can ina yaba wa kaina, wai ni mai kunya.

Likita ya sa ranar Laraba. Ya ce bayan aiki ba rana, ba ƙura, sai gida. Hajiya ta ce to ita ba za ta zo ƙasar Annabi Yusufu ta koma ba ta taɓa Dalar Masar ɗin nan da ake faɗa ba, ko ba ta gani, hannunta zai gani. Ranar Talata da hantsi muka ɗauki mota.

A hanya direba ya tsaya a wani shago, na hango abin da ya sa na manta da kunya na ce a buɗe mini ƙofa. Rake ne, damin rake jingine a bango kamar a kasuwar Makarfi! Mai shagon ya zura sanda biyu a cikin wani inji, ruwan ya zubo ta ƙasa, kore-kore, da kumfa, da sanyi. Ni da aka haifa a cikin rake, na yi wayo ina kallon ana dafa mazarƙwaila, ban taɓa ganin an sha shi a kofi ba sai da haƙori. Kawu ya shanye kofi biyu a tsaye. Hajiya ta ce ta ƙoshi. Ni kuma na sa aka cika mini gora, na ɓoye a jaka ƙarƙashin hijabi, da niyyar in na samu lungu in ɗanɗana in ba Baba labari.

Dala kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Tun daga nesa take leƙowa ta tsakanin benaye, ka ɗauka kusa take, kana tafiya tana ƙara girma, har sai da ta cinye rabin sama. Da muka isa gindinta na ɗaga kai, mayafina ya zame, ban ma sani ba. Dutse ɗaya ya kai ƙirjina, ga su nan an ɗora wani kan wani har inda ido ke gajiya. Baba yana yawan ba mu labarin dalar gyaɗa ta Kano, na ce a raina, Baba, da ka zo ka gani.

"Kin yi shiru," in ji Hajiya.

"Hajiya, bakina ne ya kasa."

Na kama hannunta na ɗora a kan dutsen. Ta shafa, ta miƙa hannu sama ba ta kai ƙarshensa ba, ta bi gefe da tafinta tana tafiya a hankali.

"Wannan guda ɗaya ne?"

"Guda ɗaya ne. Irinsa sun fi a ƙirga."

"Kuma mutane suka ɗora?" Ta ƙara shafa dutsen. "Allahu Akbar. Su ma sun zo sun wuce."

Muryarta ce ta fara ba ni tsoro, ta yi wani laushi. Na duba, goshinta ya jiƙe sharkaf, hannunta da ke cikin nawa sanyi ƙalau yana karkarwa. Ta fara wasu maganganu da Fulatanci, sai gwiwarta ta lanƙwashe. Na tare ta muka zube tare a kan rairayi.

"Hajiya! Hajiya!"

Shiru. Kawu ya jefar da hularsa yana, "Adda! Adda! Innalillahi!" Mutane suka kewaye mu, kowa da yarensa. Idonta a lumshe, tana numfashi, amma ba ta tare da mu. Ban tsaya neman na'urar gwaji ba, na ga irin wannan a asibiti ya fi sau ɗari: suga ne ya faɗi warwas. Ga ruwan rake a jakata, amma ba a ɗura wa wanda bai farka ba, sai ya shaƙe. Dole ta ji ni, dole ta haɗiya da kanta.

A wurin aiki an koya mana, in mara lafiya ya yi nisa, ka kira shi da sunan da kunnensa ya fara sani. Sunan yana cikin fasfonta da ke jakata, sau ɗaya na gan shi, kwana biyar ina kauce wa ƙara kallonsa. Na tuna Umma, na tuna Baba da yankan rake, na tuna mashin ɗin Zayyad a ƙofar gida. Na san in na buɗe baki na gama da kaina. Na kama kafaɗunta na girgiza.

"Zulaihatu!"

Kawu ya zaro ido.

"Zulaihatu! Zulaihatu, buɗe ido!"

Gashin idonta ya motsa. Da wata 'yar siririyar murya, irin ta yarinya, ta ce, "Na'am, Inna."

"Buɗe baki. Haɗiye. Na ce haɗiye! Ƙara. Kar ki tofar mini!"

Da muryar da nake yi wa masu gardamar allura na yi mata, a gaban duniya. Ta sha, ta sha, har rabin gora. Bayan kamar minti goma gumin ya tsaya, ta gyara zama, ta lalubi mayafinta ta rufe kai.

A mota, muna hanyar asibiti, na juya kan Kawu. "Kawu, don Allah, abincin da nake ajiye mata, wa ke ci?"

Ya sosa ƙeya. "To, ai kina fita take ƙwanƙwasa mini bango. Ta ce jirgi ya ɗauke mata cin abinci, in ɗauka kar ya lalace. Shayi kawai take sha, sai dabino ɗaya biyu."

"Kwana biyar, Kawu? Ina ba ta maganin suga a kan cikin da ba komai?"

Shi ma na wanke shi tas, babba da shi. Da na dawo hayyacina na ga abin da na yi, na rubuta wa Zayyad: "Hajiya lafiya lau yanzu. Amma ni na ɓata komai. Ka yi haƙuri." Ya kira ya fi sau goma, ban ɗauka ba.

Likita ya ɗaga aikin zuwa Asabar. Na ce a raina tunda auren ya riga ya tafi, bari in tsira da aikina. Na daina fita. In zauna a gabanta da cokali, in ce, "Hajiya, ha," ta buɗe. In lokacin kewayawa ya yi, ba na jira ta tambaya, in kama hannunta in kai ta. Kwana uku ba ta ce mini komai ba in ban da amsa gaisuwa. Ko "me aka gani" ta daina. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don na saba, in na ga abin mamaki ta taga sai in juya in faɗa mata, sai in tuna.

Aka yi aikin idon dama. Ranar Lahadi da safe likita ya ɗaye bandejin a hankali. Hajiya ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye ya zubo. Ta ɗaga tafin hannunta ta ƙura masa ido, ta juya shi. Ta kalli Kawu ta ce, "Inuwa, ashe ka yi furfura. Ka kuma yi tumbi." Sannan ta juyo gare ni. Na sunkuyar da kai, ina kallon lallen ƙafata da ya fara gogewa.

"Ɗago."

Na ɗago. Ta daɗe tana kallona.

"Ashe 'yar ƙarama ce ke. Duk muryar nan daga ina take fitowa?"

Ban san ko zagi ne ko yabo ba. Muka koma masauki. Ta tsaya a bakin taga da baƙin gilashin da aka ba ta, tana kallon Nilu, ta fi minti ashirin, tana ta tasbihi. "Kin faɗa mini," ta ce, "amma kin rage." Sai ta aiki Kawu ya sayo kushari, ta ce a babban tire ɗaya, ya haɗo da ruwan raken nan. Da ya kawo ya gyara zama zai wanke hannu, ta ce, "Kai ka ci rabonka na shekara. Ja mana ƙofa."

Muka rage mu biyu. Ta zauna a ƙasa, ta nuna mini gabanta.

"Kin san abin da ya hana ni ci?"

Na girgiza kai.

"Wanda ya ci, sai ya kewaya. Ni kuma ba na ganin hanya. Na ce ba zan sa 'yar mutane, wadda wancan yake nema, ta riƙa ja na zuwa bayi ba. Gara in haƙura." Wancan shi ne Zayyad, ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Ke kuma ina jin ki a bayan ƙofa kina ƙumus-ƙumus kamar ɓera. Cincin ne?"

"Cincin ne, Hajiya." Na rufe fuska da hijabi.

"Kin ga mu. Mun zo ƙasar da Annabi Yusufu ya ciyar da duniya, mun zauna da yunwa, ni da ke." Ta yi 'yar dariya, ta goge idonta na hagu da gefen mayafi. "Sunan nan da kika kira. Tun ranar da aka kai ni Hunkuyi ba a ƙara kira na da shi ba. Amarya, sai Maman wane, sai Hajiya. Mahaifiyata kaɗai ke faɗinsa, ta rasu shekara talatin da takwas. Ina can ina tafiya wani wuri mai nisa, na ji ta kira ni, na juyo."

"Hajiya, ki yafe mini, wallahi ban..."

"Wanke hannu."

"Na ƙoshi, Hajiya."

"Yanzu ina gani, ki daina yi mini ƙarya. Wanke hannu."

Na wanke. Na kai loma ta farko, a gabanta, tana kallona da sabon idonta. Jama'a, kushari da daɗi! Albasar tana ƙaras-ƙaras, miyar da ɗan tsami, hawayena yana ɗiga a ciki ina ci. Ita ma ta sa hannu. Muka ci, jiragen ruwa suna wucewa a ƙasa.

Wayata ta yi ƙara a gefen tiren. Zayyad ne: "An buɗe idon? Ta gan ki? Me ta ce? Don Allah ki amsa."

Hajiya ta kalli wayar, ta tura mini ɓangaren da ya fi albasa.

"Ƙyale shi, ya jira. Ci ki ƙoshi, Mukarrama, ki kuma kalle ni da kyau ina ci. Kwana uku suka rage mana a garin nan. Daga ranar da muka sauka Kano, ba za ki ƙara ganin loma a bakina ba, ni ma ba zan ga taki ba. Suruka ba ta ci a gaban suruka."